Cin amana: ma'anar kalmar da inda ta dace a faɗe ta

Wani matashi ɗan kasuwa daga unguwar Zango ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana neman shago a Kasuwar Dole, har Allah ya sa ya samu wanda mai shi zai saki, suka zauna suka tsayar da kuɗi. Ya gaya wa abokinsa, har da farashin. Bayan ƴan kwanaki sai ya ji abokin nan ya je ya ƙara jikka hamsin ya karɓe wurin. Da suka haɗu a fadarsu ta shan shayi ya kira shi maci amana a gaban kowa, abokin kuwa ya ce: "Ajiya ka ba ni? Kasuwa ce, wanda ya riga ya riga." Yana so ya san mene ne ainihin cin amana, me ya raba shi da ha'inci da yaudara da zamba, kuma ko ya yi daidai da ya jefi abokinsa da wannan kalma.

Ɗana, Allah ya huci zuciyarka, ya musanya maka da wurin da ya fi wancan albarka. Na daɗe ina koyar da Hausa, na kuma yi aikin tafinta a gaban alƙalai, inda kalma guda idan ta sauka a inda ba wurinta ba takan sa mutum ya kwana gidan kaso. Shi ya sa ba na wasa da wannan. Ba a cin amana sai inda aka ba da amana. Ko abokinka ya ci taka ko bai ci ba ya danganta ga yadda ka gaya masa maganar shagon, kuma zan zo kan wannan. Bari mu fara da amanar kanta.

Amana daga Larabci ta zo mana, saiwarsu ɗaya da aminci da amini da amintacce, har da imani. Dukkansu suna komawa ga abu guda, wato zuciya ta kwanta, mutum ya daina tsaro. Wanda ka ba amana shi ne wanda ka daina sa wa ido. Mutanen Makka suna kiran Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Al-Amin tun kafin a aiko shi, kuma da zai yi hijira ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan ba su bi shi ba. A wurinmu amana ta wuce kuɗi da kaya. Uwa takan kai ɗanta makarantar allo ta ce wa malam "ga amana nan." Mai tafiya Agadas ko Libiya yakan riƙe hannun maƙwabcinsa ya ce "na bar maka amanar gida." Daren kai amarya tsofaffi sukan ce wa dangin ango "mun kawo muku amana." Asiri amana ne, shawara amana ce, kujerar mulki amana ce, maraya amana ne.

Amana ana ba da ita, a karɓa, a riƙe, a mayar. Kishiyar riƙewa ita ce ci. Bahaushe bai ce an karya amana ko an yar da ita ba, cewa ya yi an ci, kamar yadda ya ce cin dukiyar maraya. Abin da aka ba ka ajiya ana sa ran ka mayar da shi yadda yake, idan kuwa ka ci ya shiga cikinka, hanyar mayarwa ta toshe. Mai aikatawa maci amana ne, idan suna da yawa maciya amana. "Ya ci amanata" da "ya ci mini amana" duk Hausa ce mai kyau. Da wannan fi'ilin ne dattawa ke yin gargaɗi, su ce wanda ya ci amana, amana za ta ci shi.

Idan ka natsu ka saurari wuraren da manya ke faɗin kalmar, za ka ga akwai abubuwan da ba sa rabuwa da ita. Akwai wanda ya saki jiki da kai. Kai kuma ka san ya saki jikin, ka amsa, ko da baki ko da shiru, domin shiru a nan karɓa ne: wanda aka fara gaya wa asiri bai ce "tsaya, kada ka gaya mini" ba, ya riga ya ɗauka. Sannan ka cuce shi da gangan ta ƙofar da shi da kansa ya buɗe maka, kuma wannan na ƙarshen shi ne cibiyar maganar. Ɓarawon da ya haura katanga da dare ya cuci mai gida, amma bai ci amanarsa ba, don ba abin da ke tsakaninsu. Yaron shagon da aka danƙa wa mabuɗi, ya dawo bayan isha'i ya buɗe da mabuɗin nan, shi ya ci amana, ko da abin da ya ɗauka bai kai rabin na ɓarawon ba. Shi ya sa za ka ga mai shago ya manta da asarar ɓarawo cikin wata guda, amma ta yaronsa yana ba da labarinta har tsufa.

To, shagonka. Tuna ranar da ka gaya masa. Idan jan sa ka yi gefe, ka rage murya, ka waiwaya ka ga ko akwai mai ji sannan ka faɗa, to ajiya ka ba shi, ko da ba ka furta kalmar amana ba. Hadisi ya zo a kan wannan waiwayen kansa, cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Haka nan idan shawararsa ka nema, ka ce "kana ganin kuɗin nan bai yi yawa ba?", domin wani hadisin ya ce wanda aka nemi shawararsa an amince masa ne. Idan haka aka yi, farashin da ya je ya ɗora jikka hamsin a kansa daga bakinka ya same shi, kuma ba don ka yarda da shi ba da bai san adadin da zai wuce ba. Wannan cin amana ne. Ba ka yi masa ƙazafi ba, "kasuwa ce" kuwa ba amsa ba ce.

Idan kuwa a tsakiyar fada ka faɗa, ana zuba shayi, kowa na ji, kana murnar ka kusa samun wuri, to ba ka ba kowa ajiya ba. Abin da ya yi har yanzu mummuna ne. Shari'a ta hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma Imamu Malik ya bayyana cewa hanin yana hawa ne idan mai sayarwa ya riga ya karkata ga mai saye, ba lokacin da kaya ke hannun mai gwanjo kowa na tayawa ba. Kai ka ce kun tsayar da kuɗi, don haka ya faɗa cikin hanin. A Hausa sunan wannan yankan baya, ko zagon ƙasa, ga kuma rashin kara ga abota. Amma cin amana ya fi ƙarfin abin da ya yi. Kai kaɗai ka san wanne ne ya faru, kuma ina roƙonka ka yi adalci wajen tunawa, don fushi yakan gyara labari. Ko a hali na farko ma, da ka fara samunsa shi kaɗai, ko ka kai maganar ga wani babba a layinku na kasuwa, da ya fi. Kalmar nan idan ta fita a bainar jama'a tana bin mutum har wurin neman aure da neman bashi.

Ha'inci shi ne mafi kusa, shi ma daga Larabci, kuma da shi malaman tafsiri ke fassara aya ta 27 a Suratul Anfal, inda aka hana muminai ha'intar Allah da Manzo da amanoninsu alhali suna sane. A bakin talaka dai ha'inci ya fi karkata ga ragi a ɓoye cikin aikin da aka ba ka. Maginin da aka sauke wa buhu goma na siminti ya kwaɓa takwas, tela ya rage wa kansa yadi, leburan da ya bar tsakiyar gona ba noma ya gyara gefen hanya inda mai gona zai gani. Kalmar ha'inci tana kallon aikin da aka ɓoye, cin amana kuwa yana kallon zumuntar da aka keta. Sau da yawa suna haɗuwa, amma akwai cin amanar da ake yi ido da ido, kamar mai riƙon gona ya tsaya gaban jama'a ya ce ba zai mayar ba, tasa ce. Idan ragin a cikin kayan sayarwa ne, nono da ruwa, gero da rairayi, tumatir mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, sunansa algus. Annabi ya tura hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Tauye tiya kuwa sura guda aka saukar da sunan masu yin sa.

Yaudara da baki take aiki, a sa ka gaskata abin da babu. Abin da ya raba ta da cin amana shi ne asalin yardar. Maci amana ya tarar da yarda ta gaskiya, wata ƙila shi ma da farko da gaske yake, daga baya kwaɗayi ya ja shi. Mayaudari tun ranar farko ƙera yardar ya yi don ya ci. Zamba da damfara ƴan ɗaki ɗaya ne da yaudara, sai dai kuɗi suka fi nufa: wanda ya kira ka a waya ya ce ya yi kuskure ya tura maka kuɗi ka mayar masa, ɗan damfara ne, bai san ka ba balle ya ci amanarka. Akwai kuma wurin da hanyoyin biyu suka haɗu, shi ne abin da muke ce wa zamba cikin aminci, wato a yi maka fuskar amini ana haƙa maka rami. A ganina babu lafazin da ya kai wannan nauyi a cikin dangin nan duka, domin ya haɗa shiri da ƙarya da kusanci.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Makirci da tuggu da maƙarƙashiya sunan ƙulle-ƙullen da ake yi ne kafin aiki, kuma ana ƙulla su ga maƙiyi ma. Butulci rama alheri da mugunta ne, ko manta shi, babu ajiya a ciki. Saɓa alkawari ma abu ne mai zaman kansa. Hadisin alamomin munafuki da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa uku: idan ya yi zance ya yi ƙarya, idan ya yi alkawari ya saɓa, idan aka amince masa ya ha'inta. Da abu ɗaya ne da ba a ƙirga su uku ba. Wanda ya ce zai zo maka biki bai zo ba ya saɓa, bai ci amanarka ba.

Inda kalmar ta fi wahalar aunawa shi ne yaƙi da sarauta, kuma mu mutanen Damagaram ba sai mun je nesa neman misali ba. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, hadisi ma ya ce yaƙi dabara ne. Kwanton ɓauna, ko ka nuna za ka gabas ka ɓulla yamma, ba wanda ya kira wannan cin amana, don abokin gaba bai saki jiki da kai ba. Da zarar an ba shi aminci, magana ta canja. A Hausar sarauta ta da, amana har suna ce ta yarjejeniya tsakanin sarki da wata al'umma da za ta riƙa biyan gandu a daina kai mata hari. Aya ta 58 a Suratul Anfal ta ce ko kana tsoron mutanen da kuka yi alkawari da su za su ha'ince ka, ka jefa musu alkawarinsu a fili tukuna, kowa ya san an koma gaba. Hadisi kuma ya ce kowane mai warware aminci za a kafa masa tuta ranar ƙiyama.

A shekarar 1898 wani hafsan Faransa, Kaftin Cazemajou, ya iso Zinder yana kan hanyarsa ta zuwa gabas, wajen tafkin Chadi. Lokacin nan Rabe ya riga ya ci Barno tun 1893, Barnon da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, kuma fadar Sarki Amadu Kuran Daga tana tsoron baƙon nan zai je ya haɗa kai da shi. An karɓe shi a matsayin baƙo. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa Olive, aka jefa gawarwakinsu cikin rijiya. Faransawa suka rubuta abin a matsayin kisan cin amana, daga baya suka sa wa barikin da suka gina a kan dutse sunansa. Ni ɗan garin nan ne, kuma ba zan ɓoye ba cewa kashe wanda ka saukar a matsayin baƙo, ba tare da ka ce masa amincin ya ƙare ba, ya saɓa wa ayar da na kawo. Amma baƙon da ya zo share wa mamaya hanya shi ma bai shigo da zuciya ɗaya ba, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya da kalmar sun mayar da ita hujjar cin ƙasa.

Dubi waɗanda suka biyo baya. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga yamma tana ƙona garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labarinsa. Da labarin ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya karɓi rundunar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, shugabansa ne kuma ɗan ƙasarsu. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya suka kashe Chanoine, sannan Voulet, a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta ci gaba, aka gwabza a Tirmini, suka shiga Zinder a ƙarshen watan, kuma a watan Satumba aka kashe Kuran Daga. To, sojojin nan da suka harbe shugabanninsu, amana suka ci? Ni ban ga haka ba. Shugaban da ya kashe nasa shugaban, ya fita daga hukumar da ta ba shi umurni, ya riga ya warware igiyar da ta ɗaure su da shi.

Sai 1906. Turawa suka ce sun gano maƙarƙashiyar tawaye, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa wanda su suka naɗa, suka kai shi Kodebuwa, suka bar riƙon gari a hannun Bellama, ɗaya daga cikin bayin fada. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta da naɗin Barma Mustafa. A takardun Turawa sarkin ne ya ci amanarsu. Amma biyayyar da aka karɓa da bakin bindiga ba amana ba ce, don ba wanda ya saki jiki da wani. Tsoro ne a ɓangare ɗaya, sa ido a ɗayan. Maganar cikin fada kuwa ba ta isa kunnen baƙo sai ta bakin na ciki, da ɗan gari akan ci gari. Idan akwai amanar da aka ci a wannan shekara, a cikin Birni, unguwar da fadar take, ya kamata a neme ta.

Daga nan ne za ka gane lafazin da kake ji a rediyo, cin amanar ƙasa. Ana nufin mai riƙe da muƙami ko makami ya yi amfani da abin da ƙasa ta danƙa masa don cutar da ita. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron Shugaba Ibrahim Bare Mainasara ne suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, kuma kowa ya ji nauyin abin ta wannan fuskar, cewa masu gadinsa ne. A 2023 kalmar ta fito daga ɓangarori biyu. Da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa ta tsare Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, magoya bayansa suka ce an ci amanarsa. Ranar 13 ga Agusta hukumomin soja suka sanar za su tuhume shi da cin amanar ƙasa. Abin da nake gaya wa ɗalibaina masu sha'awar aikin jarida shi ne, wannan lafazi hukunci ne, ba labari ba. Ka ce "ana tuhumar wane da cin amanar ƙasa," ko "wane ya ce an ci amanarsa." Kada ka yanke da bakinka abin da kotu ba ta yanke ba.

Abin da ke damuna a zamanin nan shi ne yadda kalmar ta yi araha. Ka buɗe Facebook, ɗan siyasa ya bar jam'iyya maci amana, yarinya ta auri wanda iyayenta suka ba ta maciyar amana, aboki ya ƙi ba da rance maci amana. Wasu daga ciki sun cancanta: wanda aka zaɓa da ƙuri'ar mutane a kan wani alkawari ya je ya sayar da kujerar, ya ci amanar masu zaɓe. Namiji ko mace da suka keta alfarmar aure sun ci amanar aure, wannan kuwa ba gardama. Amma saurayin da bai kai ko goron tambaya ba, me ya ba da ajiya? Ɓacin rai gaskiya ne, sai dai ba kowane ɓacin rai ne ke da maci amana a bayansa ba. Idan muka ɓarnatar da kalmar a kan ƙananan abubuwa, ranar da matar mamaci za ta tsaya ta ce an ci amanar ƴaƴanta, kunnuwa sun riga sun saba, ba mai razana.

Akwai kuma zaluncin da ake yi wa mai riƙon amana na gaskiya, wanda abu ya salwanta a hannunsa ba da laifinsa ba. Malamanmu na Malikiyya sun tsare masa haƙƙinsa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, idan wanda aka ba ajiya ya ce ta salwanta, ana gaskata shi. Idan ya ce ya mayar, nan ma ana gaskata shi, sai fa idan da shaidu ya karɓa, to da shaidu zai mayar. Ba ya biya sai ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka ba shi. Dalilin a fili yake: kai ka zaɓe shi, kuma taimakonka yake yi. Ka ba makiyayi tumaki a wajen Tanut, fari ya zo irin na 1984 da ya share garkuna, ya dawo maka da fata ko kunnen da ke ɗauke da shaidarka, ka ce masa Allah ya mayar da alheri. Kiran sa maci amana zunubi ne a kanka. Amma idan ya kai su kasuwa ya sayar, ya zo ya ce kura ce, wannan shi ne. Uwar adashen da ta ɗauki zubin mata ta sari kaya da shi, da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa, ta taka wuri mai santsi. Malamai sun karhanta juya kuɗin ajiya, kuma idan suka salwanta a hanyar nan ita za ta biya, "ban yi niyyar cuta ba" ba ya fitar da ita.

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961, ita ma ta raba sata da damfara da cin amana, kowanne da babinsa. A kotu tambayar da alƙali ke fara yi wa mai ƙara ita ce yadda abin ya shiga hannun wanda ake ƙara. Ɗauka ya yi ba ka sani ba? Ƙarya ya shirya maka har ka miƙa? Ko da hannunka ka ba shi, don ya ajiye ko ya sayar maka ko ya kai wa wani, sai ya karkatar? Sau da yawa mutum zai shigo yana cewa "ya sace mini," da an bi zancen sai a ga da kansa ya ƙirga kuɗin ya danƙa. Fiƙihu ma ya yi wannan rabon, shi ya sa haddin sata ba ya hawa kan maha'inci, hukuncinsa daban ne. Wanda aka cuta kuma ba a ba shi izinin ramawa da irinta ba. Hadisi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Idan kana riƙe da asirin wanda ya tona naka, har yanzu ajiya ce a wuyanka.

Cin amanar da na fi gani da idona, kuma wanda aka fi jin kunyar kiran sa da sunansa, a cikin gida yake. Mutum ya rasu ya bar ƙananan yara da gona a wajen Mirya ko Magarya, ko gida a Sabon Gari. Baffa ya karɓi riƙo, kowa ya sa albarka. Shekara ta farko ya kawo damman gero, ta biyu ya ce damina ba ta yi ba, ta biyar an daina tambaya. Yaro ya girma ya zo neman gonar ubansa, sai a ce ai an sayar an yi muku hidima da kuɗin, ko a ce iyakar ba nan take ba. Uwar ba ta iya buɗe baki, don za a ce ta raba zumunta. Alƙur'ani bai sassauta a nan ba: aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu, aya ta 6 kuma ta ce idan za ku miƙa musu dukiyarsu ku kafa shaidu. Don haka ranar da aka raba gado, kafin mutane su watse, a rubuta abin da kowane yaro ya samu, gona da iyakokinta ta gabas da yamma da kudu da arewa da sunayen maƙwabtanta, dabbobi da adadinsu, da sunan wanda ya karɓi riƙo. Liman da mai unguwa su sa hannu. A yi takardar biyu ko uku, ɗaya ta zauna wurin uwar yaran. Baffan kirki ba zai ji haushin wannan ba, don takardar tana kare shi daga zargi kamar yadda take kare yaran. Idan yaro ya mallaki hankalinsa a kira shaidun nan ko magadansu, a karanta, a zagaya iyakar gonar da ƙafa, a danƙa masa.